Matar Da Ta Tsallakar Da Teku A Bokiti

Kafin tumakin da ke kiwo a kan ganuwar teku su gama miƙewa, Baukje Algra ta riga ta jingine kekenta a bangon tasha. Iskar Bornsyl kullum daga gaba take zuwa, ko ina mutum ya nufa, amma ban taɓa jin Baukje ta yi ƙorafi a kanta ba. Ta ce iska ba ta da ofishin da ake kai ƙara. Takan zura dogayen takalman roba, ta ɗauki buroshi da tiyo, ta gangara ɗakin matatu, ta yini tana kankare gansakuka da laka da sauran tarkacen da teku ke aiko mana kyauta. Da rana ta yi tsaka ta hau sama, ta ci burodi da cuku a tsaye, ta kora da tsala, ta koma. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. An ce in rubuta wani abu a jaridar ƙauye, gajere. Ba zai yi gajarta ba.

Ga waɗanda suka daɗe suna wuce ginin nan suna zaton rumbun dankali ne, wutar lantarki muke yi a ciki. Gaban ganuwa teku, bayanta tafki. Muna jawo ruwan gishiri ta wannan bututu, ruwan daɗi ta wancan, mu bi da su tsakanin wasu fatu na roba da ba su kai ɓawon albasa kauri ba, an jera su ɗaruruwa. Shi gishiri ba ya iya ganin inda babu shi ya haƙura. Sai ya kutsa ta cikin fatun zuwa ɓangaren ruwan daɗi, mu kuma mu tatsi wannan kutsen ya zama wuta. Ba hayaƙi, ba jiran rana, ba roƙon iska. Abin da ya rage ruwan zartsi ne, mu mayar wa teku. Aikina shi ne in maimaita wannan bayani ga baƙi. Falsafa na karanta a jami'a, don haka aka ga na fi kowa dacewa da bayyana abin da ban ƙera ba.

Fatun nan shagwaɓaɓɓu ne. Laka kaɗan ta shiga tsakaninsu, sai su yi yaji. Injiniyoyi ne suka ƙirƙiro su, kuma sun cancanci yabon da ake yi musu. Baukje ce ke hana su toshewa, kuma ba a yabon mutum kan abin da bai faru ba. Da wannan ne kaɗai aikinta, da na rubuta layi biyu na gode mata. Amma akwai shekarar bokiti, wadda ƙauyen nan ya ɗauka kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya taɓa rubutawa.

A lokacin tashar ta gwaji ce. Hukumar lardi ta gindaya mana sharaɗi biyu: mu yi shekara cur muna ba da wuta ba tsayawa, kuma kada mu cutar da wata halitta da doka ta kare. In muka karya ɗaya, a rufe. Mun ci rabin shekarar lafiya, har mun fara kallon juna da girmamawa.

Sai dai wajen gini mun yi abin da mutanenmu ne kaɗai za su yi. Mu al'umma ce da ta ƙera cokali na musamman don kankare abin da ya maƙale a gindin kwalba. Da aka zo shimfiɗa bututun da ke jawo ruwan teku da wanda ke mayar da zartsi, sai aka ga haƙa rami biyu almubazzaranci ne. Aka haƙa ɗaya, aka kwantar da su gefe da gefe, aka yaba wa juna tsimi.

Da sanyi ya fara sauka, 'ya'yan paling suka iso. Paling kifin nan ne dogo mai santsi kamar maciji, wanda kakanninmu suka ci har ya kusa ƙarewa, yanzu doka ta rungume shi. Ana haifar sa can ƙetaren babban teku, 'ya'yan su taho suna neman ruwan daɗin da za su girma a ciki. Tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, garau kamar gilashi, ba abin da ake gani sai ɗigo biyu baƙaƙe na ido. Da ƙanshin ruwan daɗi suke gane hanya.

Wata safiya Baukje ta shiga ofishin babban injiniyanmu, Hylke Roorda, ta dire masa kwalba a kan takardunsa.

“Hylke, ka yi baƙi.”

Ya ɗaga kwalbar ya kai ta haske. Ina wurin, na ga fuskarsa ta canja tun kafin ya yi magana.

“A ina?”

“Matatar farko. Ta cika. Rabinsu sun mutu.”

“Zartsinmu ne ke kiran su,” in ji shi. “Suna zaton bakin kogi ne. Mun kafa musu alamar ƙofa a inda babu ƙofa, muka ajiye bakin kura a gefenta.”

“To, ɗan boko, ka gano ciwon. Maganin fa?”

“A matsar da bututun.”

“Gobe?”

“Baukje, jikin ganuwa za a haƙa. Sai hukumar ruwa ta yarda, sai lardi, sai masu kare tsuntsaye, sai mai tumakin.”

“Su kifin wa zai je ya ce musu su jira?”

Aka kira taron gaggawa. Kowa ya zaro littafin alƙawuransa, aka duba, aka sake dubawa, aka gano cewa ranar farko da dukkan hukumomin ke da sarari tana bayan ƙarewar lokacin zuwan kifin. Ba mugunta ba ce. A ƙasar nan ko mahaifiyarka za ka ziyarta sai ka duba littafi. Hylke ya yi abin da ke hannunsa. Ya rage ƙarfin famfo ba tare da ya kashe ba, ya kafa raga mai ƙananan ido tsakanin bakunan bututun biyu. Ragar na tare su, amma in suka taru da yawa sai su danne juna, ko ruwa ya matse su ya wuce da su. Sai an riƙa kwashe su kowace safiya. A kai su ina, wannan ba ya cikin zanen kowa.

Amma Baukje 'yar ƙungiyar kwaɗi ce. Duk wanda ya tashi a nan ya san su: mutanen da ke fita bakin titi lokacin da kwaɗi ke ƙaura zuwa kududdufi, su tsince su a bokiti, su tsallakar da su kada mota ta take. A wajen mai irin wannan tarbiyya, halitta a wannan gefe da ke son zuwa wancan gefe ba matsalar taro ba ce. Matsalar bokiti ce.

Ta samo bokiti biyu da 'yar koma. Gari na wayewa ta gangara bakin teku, ta kwaso, ta hau ganuwa, ta ratsa tumaki, ta gangara bakin tafki, ta zuba, ta dawo. Ranar farko juyewa ta riƙa yi gaba ɗaya, har sai da Hylke ya biyo ta yana haki ya ce ta dinga surka musu ruwan tafkin kaɗan-kaɗan tukuna, kada sauyin ya buge su. Ta ce ashe karatun nasa yana da rana. Daga nan ta koma tana surkawa. In ta gama sai ta shiga matatunta kamar ba abin da ya faru. A lokacin ta haura hamsin, kuma gwiwarta ta hagu ta daɗe da sanar da ita cewa ba ta goyon bayan hawa.

Ke ce, Baukje, kika ga tazarar da ke tsakanin teku da tafki ba ta wuce tudu ɗaya ba, a lokacin da mu muke ganin hukuma huɗu.

Abin da ba ta tsaya tunani a kai ba shi ne doka. Riƙe 'ya'yan paling laifi ne babba, domin akwai masu sace su su fitar da su ƙasar waje. Wani mai kallon tsuntsaye ya hango mace na jigilar bokiti da sassafe, ya yi abin da ɗan ƙasa nagari ke yi, ya buga waya. Aka turo Gosse Tolsma, jami'in kula da kamun kifi, ɗan ƙauyen nan. Shi ya ba ni labarin da bakinsa, ita kuma ba ta musa komai ba sai tsawon labarin. A kan ganuwa ya tare ta, bokiti a kowane hannu.

“Barka da asuba, Frou Algra.”

“Yau ni ce Frou, uwargida guda? Gosse, ni na tsamo ka ranar da ƙanƙarar saman tafki ta fashe da kai kana kiran uwarka.”

“Yau da hular aiki na zo. Me ke cikin bokitin?”

“Ruwa.”

“Da me?”

“Da abin da ka zo nema. Leƙa, ba sa cizo.”

Ya leƙa. Ya ce mata wannan kaɗai ya isa kotu, ya isa kora daga aiki. Ya ce kuma dole ya tambayi inda ta samo su, in ta tabbata tashar na zuƙe su, wajibinsa ne ya sa a kashe injin a ranar.

Wani zai yi kwana-kwana. Baukje ta gaya masa komai, har da ramin da aka haƙa ɗaya.

“To zaɓi,” ta ce. “Ka kama ni, gobe ba mai kwashewa, su shige bututu, ka rufe tasha. Ko ka rufe ta yau ka huta da kama ni. Amma ka yi sauri, hannuna ya gaji.”

“Ajiye mana.”

“In ajiye tumaki su shanye maka shaida?”

Ya bi ta har bakin tafki. Ya tsaya tana surka ruwa, ta karkata bokitin, abubuwan nan kamar zaren gilashi suka bazu suka ɓace cikin ciyawa. Ya ce ya daɗe yana aikin kare kifin nan, amma a takarda ya fi saninsa.

“Ban halatta ba,” in ji shi. “Ba ni da ikon halattawa. Abin da zan iya nemo miki shi ne izinin kau da kai.”

A wasu ƙasashe jami'i na kau da kai a ɓoye, a ɗan ba shi na goro. Namu kau da kan yana da sa hannu da hatimi da ranar ƙarewa. Abin ya ci gaba da zama haramun, hukuma kuma ta yi alƙawari a rubuce cewa ba za ta gani ba. Baƙi kan yi dariya in na bayyana musu. Mu da shi muka zauna lafiya.

Manyan Gosse suka yarda, amma da sharaɗi. Kowace safiya sai an sami shaida, wanda ba ma'aikacin tashar ba, ya ga an kwaso, ya ga an zuba, don kada wani bokiti ya bi hanyar kasuwa.

“Daga Litinin,” in ji Gosse. “Ranar da na zo na same ki ke kaɗai, idona ya buɗe. In ya buɗe, sai a rufe tasha.”

Nan gizo ke saƙar. Bornsyl ba ta son mu. Ƙauye ne na manoman dankali da suka gaji ƙin gishiri kamar yadda ake gadon gona, mu kuma mun zo muna ɗaura wa gishiri aure da ruwan da suke ban-ruwa da shi. Auke Bergsma, wanda gonarsa ke bakin tafkin, shi ya jagoranci adawa da ginin tun farko, kuma ya daina amsa gaisuwata tun ranar da aka aza tubali. A irin wannan ƙauye za a nemo mai tashi da asuba kullum don ya ceci tasharmu.

Baukje ba ta je neman masu son tasha ba. Ta je wurin shugabar ƙungiyar kwaɗi, tsohuwa Tine, wadda kuma ita ce mahaifiyar Gosse.

“Tine, ɗanki na neman ɗaure ni.”

“Me kika yi?”

“Kifi na tsallakar.”

“A bokiti?”

“A bokiti.”

“Da murfi?”

“Ba murfi.”

“To kin yi laifi. Ko kwaɗo da murfi muke ɗaukar sa. Zauna ki sha kofi.”

Tine ba ta yi mata alƙawarin komai ba. Ta dai ba ta biskit ɗaya, ta rufe gwangwanin.

Ranar Litinin ni ma na fito, duk da shaidata ba ta da amfani. Baukje na bakin ruwa da komarta. Hylke na tsaye kusa da makunnin injin, domin in za a kashe ya fi so ya kashe da hannunsa. Gosse ya iso, ya dubi gabas, ya dubi yamma. Tumaki kawai. Ya ɗaure igiyar takalminsa, wadda ba ta kwance ba. Ya goge tabarau. Ya fara binciken aljihunsa yana neman alƙalamin da ke maƙale a ƙirjinsa. Baukje ta cika bokitin farko ta fara hawa, ba ta dubi kowa ba.

Sai ga kekunan 'yan ƙungiyar kwaɗi a kan ganuwa, a jere, iska na tura su baya suna turo ta gaba. Tine a gaba. Sun makara ne domin sun tsaya a gidanta suna gardama kan wa zai kawo kofi ranar Laraba. Can baya, da nisa daga kowa don kada a ce tare suke, ga Auke Bergsma.

“Ba don ku na zo ba,” ya ce da ni, wanda shi ne zance mafi tsawo da ya yi mini a shekarun. “Na zo in ga gishirin da ake zuba mini a tafki.”

Ya tsoma yatsa a bokitin, ya ɗanɗana, ya tofar. Hylke ya ce masa gishirin bokitan kaka guda bai kai wanda iska ke watso masa a yini ɗaya na guguwa ba. Auke ya ce ya ji, bai yarda ba.

Shaida aka ce su yi, wato su tsaya su kalla. Amma mutumin Bornsyl ba ya iya tsayawa yana kallon ana aiki ba bisa tsari ba. Sun ga Baukje ta hau ta sauka sau biyu tana jan ƙafa, sai Auke ya yi tsaki.

“Wannan ai wahalar banza ce. Haka ake ɗaukar kaya a ganuwa? Ku jeru.”

Suka jeru daga bakin teku har bakin tafki, kamar yadda iyayensu ke jeruwa da buhunan yashi ranar ambaliya. Bokiti ya fara tafiya hannu da hannu.

“Shaidu na ce, ba 'yan dako ba,” in ji Gosse. “Izinin na mutum ɗaya ne. Yanzu duk kun zama masu laifi.”

“To fara da uwarka,” in ji Tine, ta miƙa bokitin gaba.

Gosse ya juya ya fuskanci teku, ya harɗe hannu a baya. A haka ya tsaya har aka gama. Washegari ya dawo da sabon izini mai faɗi. Auke kuwa, yana tsaye a ƙololuwar ganuwa, ruwan teku na zuba masa a wando, aka ji yana cewa:

“Kakana ya ƙare ransa yana hana teku shigowa. Ga jikansa yana shigo da shi da bokiti.”

Amma bai saki ba, kuma bai fasa ko safiya ɗaya ba. Har kifin suka daina zuwa Gosse bai taɓa samun Baukje ita kaɗai ba. Injin bai tsaya ba. Shekara ta cika, lardi ya sa hannu, aka matsar da bututun. Daga baya Hylke ya zana wata hanyar ruwa ta ƙarƙashin ganuwa, ya sa zartsin namu a bakinta, yadda alamar ƙofar ta koma inda ƙofa take. A jikin hanyar akwai allon tagulla mai sunan babban mutumin da ya yanke ƙyalle. Mutumin kirki ne, ya yi jawabi mai kyau, ni na rubuta masa. Baukje ce ke goge allon in tsuntsaye sun yi masa abin da suka saba.

Na tambaye ta kwanan baya ko ta ji tsoro ranar da Gosse ya tare ta.

“Sietse, kai dai ba ka rabo da tambaya. Hannuna ne ya gaji, na gaya maka.”

“Me zan rubuta a kanki?”

“Rubuta cewa wanda zai gaje ni ya riƙa wanke matata ta biyu kafin ta farko. In ka rubuta wani abu daban, ba na karantawa.”

Na rubuta, ga shi nan. Sauran kuma ba sai ta karanta ba.

Baukje mai bokiti biyu, ke ce kika riƙe fitilun nan a kunne ba tare da kin bar wani rai ya biya kuɗin wutar ba. Ke ce kika gaya wa hukuma gaskiyar da za ta iya cinye aikinki, kina tsaye da kaya a hannu. Ke ce kika sa Auke Bergsma ya amsa gaisuwata, ko da yake da ka kawai. Ranar Juma'a za a yi miki walimar ban-kwana, kuma bisa al'ada ke za ki kawo kek ɗin. Mun gode tun kafin mu ci.

Ga sauranmu, ba na cewa a daina taro. Da taro muka tsare ƙasar nan daga teku, kuma da shi nake ci. Ina dai cewa duk wanda ya ga wani abu na mutuwa a wannan gefe alhali maganinsa na wancan gefe, ya sa ranar taron a littafinsa, sannan ya nemi bokiti. Da murfi.

Hylke ya ce paling kan yi shekaru a ruwan daɗi kafin ya girma ya nemi komawa inda aka haife shi, kuma a lissafinsa waɗanda aka tsallakar a waccan shekara sun fara isa tafiya. Da kakar nan, lokacin da Baukje za ta tura kekenta ta fita ƙofar tasha, su ma za su bi ta ƙarƙashin ganuwa su nufi teku, kowanne ya kai kaurin hannunta. Ba wanda zai tsaya ya yi mata godiya. Kifi ne. Shi ya sa na yi a madadinsu.